Tankin kifi mai tsawon ƙafa shida da tsirrai: me zan shimfiɗa a ƙasansa?

Abban Hanifa, Hanwa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni a wannan harka. Na ba da aikin tankin gilashi mai tsawon santimita 180, faɗi 60, tsayi 60. So nake in cika shi da tsirrai masu rai, kifin kuma ƙanana, ba tarwada ko karfasa ba. Inda na tsaya shi ne abin da zan shimfiɗa a ƙasansa. Wani ya ce yashi kaɗai ya isa, wani ya ce in ɗebo ƙasar gona, wani kuma ya ce in ban yi odar ta kanti daga Legas ba tsiro ɗaya ba zai rayu ba. Ruwan gidana na burtsatse ne. Allah ya saka da alheri.

Injiniya, Kwangila:
Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga ƙasa, Alhaji, a ina za ka ajiye shi? Girman da ka faɗa lita 648 ne, kuma kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Gilashin kansa zai kusa kilo 120, shimfiɗar ta haura kilo 100, ga duwatsu ga teburi. Duka za ka tashi da kusan kilo 900, nauyin buhun siminti 18 ke nan a ɗan wurin da ya ɗan wuce murabba'in mita ɗaya. In ƙasa ne a kan daɓen kankare, ba damuwa. In saman bene ne, ka kira wanda ya san ginin ya duba, kuma a jingina shi da bango inda akwai bim, wato gungumen kankaren da ke riƙe da bene, a ƙarƙashi. Teburin a yi shi da ƙarfe mai kauri, ƙafa shida aƙalla, mai walda ya daidaita samansa sosai.

Abban Hanifa, Hanwa:
Falon ƙasa ne, Injiniya, tayil a kan kankare.

Mai Gilashi, Sabon Gari:
To madalla. Ni abin da zan ƙara, kada ka yarda a yi maka da gilashin da bai kai milimita 12 ba, kuma a ɗaure samansa da sanduna na gilashi, a gefe da kuma tsakiya, don kada gaban ya yi ciki. Silikon ɗin da za a manne gilashin da shi a karanta jikinsa, wanda aka sa wa maganin fumfuna don banɗaki yana kashe kifi. Tsakanin tanki da teburi a sa katako mai laushin fuska, a ɗora farin soson nan da ake samu a kwalin firij. Ƙwayar tsakuwa ɗaya a ƙarƙashin gilashi ta isa ta tsaga shi idan ruwa ya cika. Ka gwada shi da ruwa zalla a tsakar gida tukuna kafin ya shiga falo.

Ɗalibi, Kongo:
Yallabai, in da hali ka sayi ƙasar kanti ka huta. Da yawa daga tankunan da muke gani a intanet muna sha'awa da ita aka yi su. Takashi Amano, mutumin Japan da ya fito da salon ƙawata tanki da tsirrai da duwatsu ya yi kama da daji, kamfaninsa ADA ne ke yin wadda ake kira Amazonia. Ƙasa ce da aka dunƙula ƙwaya-ƙwaya aka gasa, tana da abinci, tana sauke pH (ma'aunin tsamin ruwa, in ya sauka tsami ya ƙaru), saiwa na ratsa ta cikin sauƙi. Shi ne ya tsara katafaren tankin nan na Lisbon a Fotugal a 2015, mai tsawon mita 40, a shekarar kuma ya rasu. Me zai sa mutum ya kashe kuɗi a gilashi sannan ya zuba taɓo a ciki?

Baba Samaru:
Ɗana, ƙasar da ka ambata tana da kyau, ban musa ba. Amma mu yi lissafi. Idan Alhaji zai shimfiɗa kaurin santimita 7, yana bukatar lita 76 ko kusa da haka. Buhunta lita 9 ne, wato buhu takwas zuwa tara, kuma da kuɗin waje ake sayo ta, ga kuɗin mota daga Legas. Sannan a makonnin farko tana fitar da amoniya da yawa, sinadarin da ke kashe kifi, dole a yi ta canjin ruwa, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu abincin da ke cikinta yana raguwa, ƙwayoyin su fara marmashewa. Ba abin da ake saya sau ɗaya a manta ba ne.

Na yi shekaru ina aikin ƙasa kafin in yi ritaya, don haka ku yi haƙuri in ɗan tsawaita. Tsiron ruwa iri biyu ne ta fuskar ci. Akwai mai sha ta ganye daga ruwan kai tsaye, akwai mai ci ta saiwa, irin su Cryptocoryne da Echinodorus da Vallisneria da badonmu na tafki. Na biyun su ne ke cika babban tanki, kuma su ne ke bukatar ƙasa ta gaske. Wata Ba'amurkiya, Diana Walstad, ta fitar da littafi a 1999 tana bayyana hanyar da mutane da yawa ke bi har yau: ƙasar lambu mai kaurin santimita 2.5 a ƙasa, a rufe ta da tsakuwa ƙanana masu kaurin kusan haka. Ƙasar tana ba da abinci, kuma yayin da ragowar ganyen da ke cikinta ke ruɓewa a hankali tana sakin iskar kabon da tsiro ke bukata, ba sai an sayi tukunyar gas ba.

Abin da nake so mutanen Zariya su sani shi ne ƙasarmu ta dace da wannan aiki fiye da yadda muke zato. Ƙasar tudun nan ba ta da ruɓaɓɓen abu da yawa, wanda shi ne kukan manomi, amma a cikin tanki alheri ne, don yawan ruɓaɓɓen abu ne ke haddasa wari da amoniya. Sannan ga marmara. Jar marmarar da ake haƙa ana cike hanya da ita cike take da sinadarin ƙarfe, wanda rashinsa ke sa sabon ganye ya fito fari-fari. Wani kamfanin Jamus, Dupla, ya daɗe yana sayar wa Turawa garin marmara a ƙaramin kwali don su barbaɗa a ƙasan tanki. Mu kuma tifa ake juye mana ita a ƙofar gida.

Hajiya Maman Sultan, GRA:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma a nan kam zan saɓa maka. Tankina lita 400 ne, yashi zalla, kuma duk wanda ya shigo falona sai ya tsaya kallo. Abin da nake yi, ina samun yumɓu wajen masu tukwane, in murza shi ƙanana kamar ƙwayar gurjiya, in tura ƙwayar takin zamani ɗaya ko biyu a tsakiyar kowanne, in shanya a inuwa ya bushe, sannan in cusa shi can ƙarƙashin saiwar tsiron da ke bukata. Bayan wata uku ko huɗu in sake.

Dalilina na ƙin ƙasa ɗaya ne. Wanda ya fara tanki bai taɓa barin tsiro inda ya dasa shi. Yau ya ga wannan ya tare wancan, gobe ya ce dutsen bai zauna daidai ba. A yashi ka tuge ka mayar, ruwa ya ɗan dagule ya kwanta. A tankin ƙasa kuwa, Echinodorus guda da ya yi wata shida saiwarsa ta mamaye rabin tanki, ranar da ka ja shi ƙasar za ta biyo shi sama, ruwa ya zama kunu, bayan mako gansakuka ta rufe komai. Na gani da idona a gidan wata ƙawata, sai da aka kwashe tankin gaba ɗaya, kuma nata bai kai rabin na Alhaji ba. Lita 648 ba abin da za a kwashe a yini ɗaya ba ne.

Baba Samaru:
Gaskiya kika faɗa, Hajiya, wannan shi ne aibin tankin ƙasa, kuma wanda ya ɓoye shi bai yi wa Alhaji adalci ba. Maganinsa shi ne kada a tuge. A sa almakashi a yanke tsiron daga gindi, a bar saiwar ta ruɓe a wurin. Idan dole sai an ciro, a kashe filta, wato na'urar tace ruwa, a ja a hankali, a yanke saiwoyin da suka biyo, a zuba sabon yashi a ramin. Amma ki lura da taki naki ma. In akwai yuriya a cikinsa kuma ƙwallon ya fito sama, amoniya ce kai tsaye a cikin ruwa.

Hajiya Maman Sultan, GRA:
Shi ya sa nake cusa shi har ya taɓa gilashin ƙasa, kuma ba na ajiye kifi mai tono.

Abban Hanifa, Hanwa:
Ina biye da ku. Baba, idan na zaɓi ƙasar, akwai gonar ƙanina a fadama ta wajen Galma, baƙar ƙasa ce mai kyau. In ɗebo daga can?

Baba Samaru:
A'a Alhaji, can ne ma wurin da ba za ka je ba. Duk fadamar da ake noman tumatir da albasa da attaruhu ta sha taki, ta sha maganin ciyawa, ta sha maganin ƙwari. Maganin ƙwarin da ake fesa wa kayan lambu, irin su saifametrin, ɗan kaɗan ɗinsa ke kashe kifi, kuma yana manne wa ƙasa. Haka ƙasar bola, da ta gefen kwata, da duk wadda aka cakuɗa da kashin kaji ko na shanu. Abin da ke sa masara ta yi kyau shi ne zai shaƙe tanki.

Ka nemi saura da aka daɗe ba a noma ba, ko gindin itatuwa nesa da gona da titi. Share ganyen sama, ka ɗebi abin da ke ƙasa da shi kamar tsawon yatsa zuwa taƙi. Lita 27 kacal kake bukata don kaurin santimita 2.5, babban bokitin fenti ɗaya da rabi bai cika ba. Ka tankaɗe a rariya. Ka jiƙa a baho, duk abin da ya taso sama ka kwashe ka zubar, ka tsiyaye ruwan, ka baza ƙasar a kan leda a rana har ta bushe ƙarau, ka sake jiƙawa. Yi haka sau uku ko huɗu. Jiƙawa da shanyawar nan tana sa bakteriya su cinye ragowar abin da zai ruɓe tun a waje, ba a cikin falonka ba. Iskar hunturu tana saurin busar da ita. Za ka gane ta yi idan ta zama gari mai laushi, babu wari sai ƙamshin ƙasa.

Marmarar kuma ka daka, ka tankaɗe, ka haɗa kamar kashi ɗaya cikin goma. Kada ka wuce haka, kuma kada ko kaɗan ta zauna a sama, don za ta rina ruwan ja. Ƙarfen da ke cikinta a ɗaure yake, sai a can ƙasa inda iska ta yi ƙaranci ne yake narkewa saiwa ta samu. In kana son kwanciyar hankali, a nan Samaru akwai sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona, mutanen da aikinsu ke nan auna ƙasa.

Ɗalibi, Kongo:
Baba, to ai na karanta cewa ƙasa in ta yi zurfi tana tara iska mai guba.

Baba Samaru:
Haka ne. Inda oksijin bai kai ba, kuma akwai abin ruɓewa, wasu bakteriya na fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, saiwa ta yi baƙi ta mutu. Abu biyu ke kawo shi: ƙasa ta yi kauri, ko an rufe ta da rairayi mai laushi da ya toshe ta. Don haka idan Alhaji yana son bayan tankin ya yi tudu, kada ya ƙara ƙasar. Ya jera tsakuwa ko fasasshen bulo na jar ƙasa a ƙarƙashi, ƙasar ta zauna a kaurinta ɗaya ko'ina. Kuma ba kowane kumfa ne guba ba. A watannin farko ka riƙa soka tsinke a shimfiɗar, kumfa zai taso, ka sunsuna. In babu wari, bar shi. Saiwar tsiro da kanta tana kai oksijin ƙasa, shi ya sa tankin da aka cika da shuka tun ranar farko bai cika samun wannan matsala ba.

Injiniya, Kwangila:
Game da yashin rufi, a nan ni da Hajiya da Baba duk bakinmu ɗaya. Yashin kankare mai kaushi za ka nema, ba na filasta ba. Ka tace shi sau biyu: rariya mai faɗin ido ta cire duwatsu, mai ƙaramin ido ta zubar da gari, abin da ya rage mai girman milimita 2 zuwa 3 shi ne naka. Kaurin santimita 4 zai ci lita 43. Wanki kuma sai ruwan ya fita garau, kaɗan-kaɗan a bokiti, aikin yini ne. Duk dutse ko tsakuwar da za ka sa, ɗiga mata ruwan binega mai ƙarfi, in ta yi kumfa akwai farar ƙasa a jikinta, za ta sa ruwa ya yi nauyi, wato ma'adinan da suka narke a cikinsa su yi yawa, pH ya hau. Farar tsakuwar tarazo tana cikin waɗannan. Dutsen giranit irin na Kufena da wanda ake fasawa a wurin fasa dutse ba ya canja ruwa. Ka ajiye manyan duwatsu a kan gilashi da ɗan soso a ƙarƙashinsu kafin ka zuba ƙasa, kada ka ɗora su a kan shimfiɗa su nutse.

Abban Hanifa, Hanwa:
Na rubuta. Tsirrai fa? Na ga bado da kainuwa a dam ɗin Kubanni da kududdufan hanyar Shika. Zan iya tura yara su ciro min?

Nas, Tudun Wada:
Don Allah Alhaji kada ka tura yara. Wannan ne ya sa na shigo maganar. Ruwan da ke kwance a yankinmu, dam da kududdufi, shi ne mazaunin ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Ƙwayar cutar tana fita daga jikinsu ta shiga fatar mutum yana tsaye a ruwa, ba sai ya sha ba, daga baya a ga yaro yana fitsarin jini. Muna ganinsu a asibiti. In babba zai je, ya sa takalmin roba dogo da safar hannu. Tsiron da aka ciro kuma kada ya shiga tanki kai tsaye. A wanke, a duba bayan kowane ganye a kankare ƙwai, a jiƙa a ruwan alif, babban cokali ɗaya zuwa biyu a lita 4, na 'yan sa'o'i, a ɗauraye, sannan a ajiye a baho daban na mako biyu zuwa uku ana duba ko wani ya ƙyanƙyashe. Taɓon da ke jikin saiwar a zubar da shi gaba ɗaya. Tanki ne da za ka riƙa tsoma hannu a ciki kullum, yaranka ma haka.

Hajiya Maman Sultan, GRA:
Allah ya biya ki, Nas. Bado yana kyau ƙwarai a babban tanki, danginsa ne ake sayarwa a Turai da tsada. Sai dai in ka bar ganyensa ya kai saman ruwa zai yi wa na ƙasa inuwa, ka riƙa yanke masu hawa. Kainuwa kuma ina ba da shawararta a watan farko ko da wace shimfiɗa ka zaɓa, don tana zuƙe amoniya da sauri, amma ka riƙa rage ta, kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa. Ka nemi Anubias da Bolbitis, dukansu 'yan Afirka ta Yamma ne, ba sa son haske mai yawa. Su ba a binne su. A ɗaure gindin da zare a jikin dutse, in ka binne shi ruɓewa zai yi. Ka ga waɗannan ko ƙasar Baba ba su bukata.

Baba Samaru:
Ba su bukata, amma kuma ba sa saurin girma, Hajiya, ba za su riƙe tanki sabo ba. Sai an haɗa da Vallisneria da yawa a baya.

Ɗalibi, Kongo:
Ni har yanzu ina ganin ta kanti ta fi tsafta, amma na yarda lissafin buhu tara ya yi yawa. Abin da ba a taɓo ba shi ne wuta. In aka ɗauke ta yini guda, bakteriyar da ke cikin rufaffiyar filta suna rasa iska su fara mutuwa, in wuta ta dawo filtar ta watso ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki.

Injiniya, Kwangila:
Magana mai muhimmanci. Filta da famfon iska da fitilar LED ba su cin wuta sosai, ƙaramar sola da batir za su riƙe su. Hita ce matsala, ta wannan girman wat 300 ce ko fiye. Sa'ar da aka yi, ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa. A Disamba da Janairu ka rufe tankin da murfi, dare ya yi ka lulluɓa masa bargo, murfin kuma zai tare ƙurar hunturu. Mafi yawan ƙananan kifin nan suna son digiri 24 zuwa 27. Ni zafin Maris da Afrilu ya fi ba ni tsoro, don ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai, amoniya kuma ta fi guba in zafi da pH sun hau. Sabon tankin ƙasa, ga zafi, ga babu wuta cikin dare, nan ne ake asarar kifi.

Nas, Tudun Wada:
A ƙara da maganin sauro. Ranar da za a fesa a falo, ko a sa fiya-fiya, a rufe tankin ruf a kashe famfon iska, don shi ne zai zuƙo maganin ya tura cikin ruwa.

Abban Hanifa, Hanwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda na karkata. Kashi biyu cikin uku na baya zan sa ƙasar Baba, inda manyan tsirrai za su zauna ba za a taɓa su ba. Gaba kuma yashi zalla irin na Hajiya, in jera duwatsu a tsakani su raba su. Zan fara shanya ƙasar tun yanzu. Yaushe kifi zai shiga?

Baba Samaru:
Tsarin ya yi. Ka bar yashi zalla kamar yatsa biyu a jikin gilashi ta kowane gefe don kada ƙasar ta fito fili. Ranar cikawa ka dasa tsirran tun shimfiɗar tana da danshi kawai, ka ajiye faranti, ruwan tiyo ya sauka a kansa a hankali. Fitila awa 6 a rana a farko. Makon farko da na biyu ka riƙa canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk bayan kwana biyu ko uku. Kifi sai bakteriyar da ke mayar da amoniya naitirayit (shi ma guba ne), da masu mayar da shi naitiret (mai sauƙin illa), sun kafu, yawanci mako 4 zuwa 6, in da sanyi ya fi haka. Kada ka bi kalanda, ka sayi abin gwaji, sai amoniya da naitirayit sun nuna sifili a jere. Sannan ka sa kaɗan, ka jira mako biyu, ka ƙara. Ka auna pH da nauyin ruwan burtsatsen naka ma kafin ka zaɓi irin kifin.

Hajiya Maman Sultan, GRA:
Duwatsun rabon nan ka matse su sosai, ka toshe ramukan da ƙananan tsakuwa, in ba haka ba wata uku ƙasar za ta gangaro gaba. Kuma in za ka zuƙe datti da tiyo, ɓangaren baya ka shawagi da shi sama-sama, kada ka soka. Kurungu da duk wani mai tono kada ya shiga, ko an ba ka kyauta. Vallisneria tawa ta yi yawa, in ƙasarka ta gama bushewa ka yi magana a aiko maka da ita.